Ƙaro a Kan Dutsena

Awa arba'in da takwas aka ba mu. Na ce "mu" don bakina ya saba, amma ni kaɗai na rubuta takardar neman awon dutsena, shafi biyu, sau goma sha ɗaya ina sake ta a ɗakina na haya a Mayahi, inda nake koyar da fizik a lise, wato babbar sakandare. Sunana Altine Ishaya, daga wani ƙauye na karkarar Maijirgi. Tun daga firamare har jami'a ban taɓa zuwa ta biyu a aji ba, kuma ban taɓa jin kunyar faɗin haka ba.

Dutsen bai wuce ƙwayar dawa ba. A Hawandawaki na samo shi, cikin tsohon kashin maƙera, dattin ƙarfen da kakannin Baba Almustapha suka bari tun zamanin da ake narka tama. Shekara biyu ina zuwa maƙerarsa duk hutu, ina fasa dunƙule-dunƙule da ƙaramar guduma, shi kuwa yana zuga wutarsa yana yi mini dariya.

"Ƴar Ishaya, mutane na zuwa lakwal karatun boko don su rabu da shara, ke kin gama lakwal kin dawo tonon shara!"

"Baba, shararku ta fi zinariyar wasu."

"To in kin sayar, ki tuna da mai bola."

Ranar da na fasa wani dunƙule na ga abin yana ƙyalli, baƙi wuluk, fuskokinsa takwas sumul kamar an goge, sai da na zauna a ƙasa. Kiristal ne guda, bai tsage ba. Na kusanto da allura, ta manne masa.

Da na koma gida mahaifina ya ce in gaya masa amfanin abin, da Hausa, ban da Faransanci. Na ce masa, a cikin dutsen nan ƙwayoyin ƙarfe a jere suke kamar gonar da aka shuka da igiya, kuma kowace ƙwaya tana da ɗan maganaɗisunta mai fuskantar wani gefe. Ido ba ya ganin wannan, haske ma ba ya shiga. Amma akwai wasu ƴan ƙananan abubuwa, nutron, da suke ratsa dutse kamar yadda iska take ratsa dangar kara. Idan aka watso su a kan kiristal, jerin ƙwayoyin yana karkatar da su zuwa wasu wurare sanannu, kamar yadda mai tafiya a gefen gona yake zuwa daidai wani wuri sai ya ga layuka sun miƙe tsaf. Kuma shi kansa nutron ɗan maganaɗisu ne. Ana iya jera su duka su fuskanci sama kafin su shiga. Wanda ya gamu da ƙwayar da ta karkace, sai ya fito ya juye. In ka ƙirga waɗanda suka juye da waɗanda ba su juye ba, ka san yadda ƙwayoyin suke kwance a ciki.

"To ina ake sayen su nutron ɗin?"

"Ba a sayen su, Baba. A Turai akwai wata cibiya mai tukunyar nukiliya. Mutum ya rubuta abin da yake so ya auna, masana su tantance. In ya ci, a ba shi kwana ɗaya ko biyu, a biya wa mutum biyu kuɗin jirgi."

Ya jinjina kai. "Kwana biyu. Shekara biyu kina tono don kwana biyu."

Dokter Rufa'i shi ne malamin da ke duba aikina na digirin dokta. Ɗan Tasawa ne, kuma duk hutu yana gida. Tun ina shekarar farko a jami'a yake ce mini "ɗiyata". Shi ya tsaya mini lokacin da wani ya ce ƴar manomi ba ta da abin yi a fizik. Na sha cin tuwo a gidansa tare da matarsa Hajiya Hawwa. Ban ɓoye wannan ba, don kada a ce na manta alheri.

A saman takardar neman akwai layi biyu: na shugaban aiki, da na abokin aiki. Na rubuta sunansa a layin farko. Na biyun na bar shi fari.

Wanda bai tashi a wajenmu ba zai ce wauta ce. A gidanmu yaro ba ya sa hannu a kwano sai babba ya ce bisimilla. Ba ka shimfiɗa wa kanka tabarma kusa da ta malaminka, jira kake ya nuna maka wuri. Ni da ban taɓa sunkuyar da kai ga kowa ba, a wannan wuri ɗaya na ga ya dace in yi ladabi. Na so ya rubuta sunana da hannunsa. Na kai masa takardar Tasawa, ya karanta har ƙarshe bai gyara ko waƙafi ba.

"Ɗiyata, wannan aiki ne. Bar mini, ni zan aika da shi."

Wata huɗu bayan nan ya kira ni yana dariya: mun ci. Ina tsakar gidan lise, na yi guɗa har direkte, shugaban makarantar, ya leƙo ta taga.

Na shirya dutsen da kaina. Na kai shi tanderun jami'a na gasa shi yini guda don kada ɗigon laima ya saura a jikinsa. Dalili shi ne, idrojan, wanda ke cikin ruwa da mai da gam da duk wani abu da ya fito daga itace, babban abokin gaban wannan awo ne: yana warwatsa nutron ko'ina, yana juya su barkatai. Saboda haka ban sa gam ba. Na ɗaure kiristal ɗin a kan ɗan tsinken alminiyom da siririyar waya ta alminiyom, na naɗe shi da takardar alminiyom, na sa a kwalba. Na miƙa wa Dokter don a haɗa shi da takardun kwastan. Na yi fasfo. Na ɗinka rigar sanyi.

Saura mako uku na hau mota zuwa Tasawa da fasfona a jaka, don wasiƙar gayyata ta yi jinkiri. Dokter ya tafi masallaci. Hajiya Hawwa na zaune a rumfa tana ninke wata ƙatuwar riga mai gashi a wuya.

"Altine, zo ki gani, ke da kika san Turai a littafi. Wannan za ta ishi Dalhatu? An ce can sanyi har cikin ƙashi."

Dalhatu ƙanen Hajiya ne. Aji ɗaya muka yi a jami'a, a bayana yake zama, kuma rabin amsoshinsa daga kayena, wato littafin rubutuna, suka fito.

"Dalhatu zai yi tafiya ne, Hajiya?"

"A'a, ba tare da Dokter za su ba? Wurin awon dutsen nan. Bizarsa ta fito tun shekaranjiya." Sai ta dubi fuskata, ta ajiye rigar. "Ashe ba ki sani ba?"

Na jira shi a tsaye. Da ya shigo ya gan ni, ya dubi matarsa, ya gane.

"Zauna, ɗiyata."

"Na gode, Dokter, a nan ma ina ji."

Ya ce Dalhatu yana da iyali. Ya ce za a buɗe gurbin malami a jami'a baɗi, kuma in babu irin wannan tafiya a takardunsa ba zai samu ba. Ya ce ni ina da ƙwaƙwalwa, duk inda na je zan ci, tawa tafiyar na nan zuwa. Na bar shi ya gama.

"Wa ya samo dutsen?"

"Ke."

"Wa ya rubuta takardar?"

"Altine, ba a kotu muke ba." Ya cire tabaransa yana gogewa da bakin riga. "Kuma ke da kanki ba ki sa sunanki ba. Layin fari na same shi."

Duk abin da ya faɗa a ranar, wannan ne ya shige ni. Ya san abin da farin layin yake nufi. A garin nan aka haife shi. Na ce ya ba ni dutsena, ya ce ya riga ya shiga takardun cibiyar da sunan jami'a. Hajiya ta biyo ni har ƙofa da kwanon fura tana cewa in yi haƙuri. Ban karɓa ba, ban kuma yi kuka a gidansu ba. Sai da mota ta bar Tasawa na juya fuskata ga taga.

Ranar Talata da ƙarfe tara na safe awon ya fara. Na sani, don ni na tsara jadawalin: wace kusurwa za a fara, ƙarfin maganaɗisu nawa, minti nawa a kowane wuri. Na shiga aji na koyar da ƴan tarminal, wato ajin ƙarshe, darasin lantarki kamar kullum. Laraba da hantsi, ina rubutu a tabulo, allon aji, wayata ta yi ta ruri a cikin jaka. Sau biyar. Da aka fita hutun rabin awa na duba: Dokter ne.

"Ɗiyata, kina lafiya? Ya aiki?"

"Lafiya lau. Mi ya faru?"

Muryarsa ta canza. Ya ce tun jiya lissafin ba ya tafiya daidai. Nutron da suka juye sun cika ko'ina, ba a wuraren da muka sa rai kaɗai ba. Baturiyar da ke kula da na'urar ta ce dutsen yana da ruwa a cikinsa, tama ce kawai ba kiristal mai tsabta ba, kuma in zuwa azahar ba a sami bayani ba za ta cire shi ta ba wasu sauran lokacin. Za ta rubuta a rahoto cewa samfurin bai dace ba.

"Turo mini lambobin."

Ya turo hoton allon na'urar. Na zauna a kan dakalin bayan aji, na raba lamba da lamba a bayan kayen wani ɗalibi. A duk inda babu layin kiristal, waɗanda suka juye sun ninka waɗanda ba su juye ba sau biyu. Biyu bisa ɗaya, daga farko har ƙarshe. Wannan tambarin idrojan ne, Baturiyar ba ta yi kuskure ba. Amma ni na gasa dutsen nan da hannuna. Babu ruwa a cikinsa. In akwai idrojan, wani ne ya kawo shi.

"Ba ni Dalhatu."

Na ji ana miƙa waya.

"Madam farfesa! Ya Mayahi?"

"Dalhatu, ka buɗe kwalbar?"

Ya soma tambayar ɗalibaina, na katse shi.

"Da kai nake. Ka buɗe?"

"Dubawa kawai na yi. Kin san hanyarmu, mota na ta tsalle, na ji abu na ƙara a ciki. Na ga wayar da kika ɗaura siririya ce kamar gashi, dutsen na ɗan motsi. Na ce in ya faɗi a jirgi fa? Shi ne na ɗan ƙarfafa shi."

"Da mi?"

"Ɗan ƙaro ne. Na jiƙa na ɗiga masa, kaɗan, ya bushe tsaf ba a ma gani. Na mayar da takardar yadda take."

Ƙaro. Abin da muke tsinka a jikin itace muna yara, mu jiƙa a murfin kwalba mu liƙe littafin da ya yage. Duk wanda ya yi lakwal a ƙasarmu haka zai gyara abin da ke motsi. Na yi dariya, har wasu ɗalibai suka waiwayo.

"Shekara biyar ka yi a bayana, Dalhatu. Ashe ranar da aka yi darasin idrojan ban buɗe kayena da kyau ba."

"Kai, Altine, ba lokacin wannan ba ne."

Dokter ya karɓe wayar. Bai gane ba tukuna. Ya ji kalmar ƙaro, amma bai haɗa ta da lambobin ba, don shekara goma sha biyar ke nan rabonsa da awo da hannunsa.

"Kin gano matsalar? Faɗa mini abin da zan ce mata."

"Ka sa sunana a aikin. Yau. Baturiyar tana iya ƙarawa a ordinatarta cikin minti ɗaya, na karanta dokarsu."

"In Allah ya so da mun dawo za mu zauna mu..."

"Yau, Dokter."

"Ɗiyata, ki yarda da ni. Yanzu in na ce a ƙara suna, za ta tambayi dalili, mu ji kunya gaban baƙi. Na yi miki alkawari, sunanki na farko a maƙalar. Na rantse."

Aka kaɗa ƙararrawar komawa aji. Na dubi agogo: sha ɗaya saura kwata a wajenmu. Na san nauyin alkawarinsa, na riga na auna shi sau ɗaya. In na yi shiru, zuwa azahar za a cire dutsen, su dawo hannu wofi, Dalhatu ya rasa abin sawa a takardunsa. Na ɗanɗana wannan a bakina, kuma ba zan yi ƙarya ba, ya yi daɗi. Amma rahoton ba zai ce Dokter ya ci amana ba, ba zai ce Dalhatu jahili ne ba. Zai ce dutsen Hawandawaki tama ce mai ruwa. Kuma duk wanda ya sake neman awo a kansa, ko ni ce, wannan rahoton za a fara buɗewa.

"Rubuta," na ce. "Ƙaro gam ne, cike yake da idrojan. Ba a cikin dutsen yake ba, a bayansa yake. Baturiyar ta kashe maganaɗisun, ta fito da shi, ta wanke da ruwan ɗumi sau uku, ƙaro na narkewa a ruwa. Ta busar da shi sosai. Kada kowa ya kwance wayar alminiyom ɗin, na daidaita fuskar kiristal ɗin da ita. In an mayar, ku tsallake kashi na biyu na jadawalin, ku tafi na uku kai tsaye, shi ne zuciyar aikin. Kuma Dalhatu ya sa hannuwansa a aljihu."

"Allah ya yi miki albarka, ɗiyata."

Na kashe wayar na koma aji. Awa goma sha tara suka rage musu bayan an gama wanki. Da la'asar ta Alhamis saƙo ya shigo: "Ya yi kyau ƙwarai." Ko lamba ɗaya bai turo ba.

Wata guda bayan dawowarsu ya zo Mayahi da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Ya same ni a ɗakin malamai, ya ajiye leda mai turare da cakulan a kan tebur, sannan ya ciro ɗan kile, abin adana bayanan ordinata, wato kwamfuta, ya ajiye kusa da hannuna.

"Duk awon yana ciki. Ke kaɗai za ki iya fitar da ma'anarsa, na sani, kin sani. Wata uku ya ishe ki?"

"Sunana fa?"

Ya gyara zama. Ya ce an sami ƴar matsala. Dokar jami'a ta ce wanda ya je awo shi ke da sakamakon, don haka wannan zai shiga digirin Dalhatu. Ni za a gode mini a ƙarshen maƙalar, da cikakken suna. Kuma zai samo mini wani batun, mai sauƙi, in gama da wuri.

Na dubi kilen. Ɗan abu ne shuɗi, bai kai yatsa ba. Amsar tambayar da na kwana da ita shekara uku tana ciki: ko ƙwayoyin dutsen nan a miƙe suke, ko sun karkace kamar yadda lissafina ya nuna. Ordinatata tana cikin jaka a gefen ƙafata. Minti goma ya isa in gani. Hannuna har ya motsa.

Na tura masa kilen da bayan bik ɗin da nake rubutu da shi.

"Ka kai wa wanda ya je awo."

"Altine, kada girman kai ya kashe ki. In na cire hannuna daga digirinki, babu mai ɗaukar ki a sashen nan."

"Na sani, Dokter. Ka ɗauki turaren ma, Hajiya za ta so shi."

Ya cire hannun nasa kuwa. A ƙarshen shekara sunana bai fito a jerin masu digirin dokta ba. Mahaifina bai ce na yi daidai ba, bai ce na yi kuskure ba. Ya ce kawai in zo mu cire gyaɗa, na je, muka cire.

Na rubuta wa Baturiyar wasiƙa, na gaya mata ko ni wace ce, ban zagi kowa ba. Ta amsa bayan kwana shida. Ta ce ta yi mamakin yadda mutanen da ba su san an sa gam ba suka san a tsallake zuwa kashi na uku. Ta ce ba ta da ikon ba ni awon, na waɗanda sunansu ke takarda ne. Amma dokar cibiyar ta ce bayan shekara uku duk awon da aka yi ana buɗe shi ga kowa a duniya, mai digiri da marar digiri. Ta rubuto mini ranar.

Wata goma sha huɗu ke nan da yin awon. Maƙalar Dalhatu ba ta fito ba. An ce ya kai kilen wurin mutum biyu, kowanne ya tambaye shi yadda aka daidaita fuskar kiristal ɗin, ya ce zai bincika. Sau biyu yana kirana, ina gaishe shi, in tambayi iyali, in ce ina da aji.

Yana iya samun mai yi masa kafin lokacin, wannan ma na sani. In ya samu, na rasa. Ni dai na riga na rubuta lissafin da zai karanta awon, na gwada shi da lambobin da na ƙirƙira, yana aiki. Ina koyar da awa ashirin da biyu a mako, ina gyara kaye ɗari da tamanin. Saura wata ashirin da biyu a buɗe.